Me ya sa ƙarfen huda yake ɓantarewa bayan an yanka shi da injin tartsatsin lantarki?

Wani mai ƙaramar masana'anta a Kano, wanda yake buga washa da ƙananan maƙalai daga fallen ƙarfe, ya aiko da wannan tambaya: "Na sayi ƙarfen D2, aka ba shi ruwa ya yi tauri, sannan na kai wa masu injin waya, wanda ake kira EDM, suka yanka mini namiji da mace na huda, wato ƙarfen da yake huda falle da ramin da yake shiga. Aikin ya fito tsaf, namijin ya shiga macen daidai wa daida. Amma ko mako biyu bai yi a kan injin matsi ba, bakin namijin ya fara ɓantarewa, macen kuma ta tsage daga kusurwa. Mai injin ya ce ƙarfen ne jabu, mai sayar da ƙarfen ya ce injin ne ya ƙona shi. Wa ke da gaskiya? Ta yaya ma siririyar waya mai laushi take yanka ƙarfen da magagari ya kasa ci? Kuma kana ganin in sayi nawa injin in huta?"

Malam, zan fara da tambayarka ta biyu, domin idan ka gane yadda wayar take cin ƙarfen, da kanka za ka hango inda laifin yake. A irin wannan ɓarna da nake yawan gani, da wuya a sami mutum ɗaya da za a ɗora wa laifin gaba ɗaya. Galibi abu biyu ne suke haɗuwa: ƙarfen da ba a gasa shi yadda ya dace da wannan irin yanka ba, da kuma yankan da aka yi sau ɗaya tak aka sauke aikin ba tare da an bi shi da yankan gyara ba.

Wayar ba ta taɓa ƙarfen ko kaɗan. Tsakaninta da shi akwai 'yar tazara da ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma tazarar cike take da ruwan da aka tace har ya daina ɗaukar wutar lantarki da sauƙi. Injin yana ɗora ƙarfin lantarki tsakanin wayar da ƙarfen, daga wajen bolt 60 har zuwa 300 gwargwadon injin da irin aikin, sai ruwan ya tare wutar na ɗan lokaci kaɗan. A wurin da tazarar ta fi ƙanƙanta, ko inda wata ƙwayar datti ta tsaya, nan ne ruwan yake gazawa, wutar ta keta, a sami tartsatsi guda ɗaya. Da zarar ta keta, ƙarfin lantarkin yakan faɗo zuwa wajen bolt 20 zuwa 30, sai wutar ta kwarara ta wata siririyar hanya wadda zafinta yake kaiwa digiri 8,000 zuwa 12,000 a ma'aunin Salshiyos. Ka kwatanta wannan da tangistin, wanda ya fi kowane tsantsar ƙarfe wuyar narkewa, amma yana narkewa a digiri 3,422. Ke nan babu ƙarfen da zai iya tsayawa a gaban wannan zafi, sai dai wurin da zafin yake sauka ɗan ɗigo ne da ido ba ya gani, kuma tsawon lokacinsa 'yan kashi ne cikin miliyan na daƙiƙa.

A wannan ɗan lokaci, wani ɓangare na ƙarfen yakan narke, wani ya zama tururi, ruwan da ke kewaye ya tafasa ya yi kumfa. Sai injin ya katse wutar, kumfar ta rufta, ta yi wurgi da narkakken ƙarfen cikin ruwa, inda yake daskarewa ya zama ƙananan ƙwayoyi masu siffar ƙwallo. Idan ka taɓa ganin baƙar lakar da take taruwa a cikin filtar injin, to, ƙarfenka ne wannan. Abin da ya rage a jikin aikin shi ne ɗan rami mai kamar kwano, kuma injin yana maimaita haka sau dubbai masu yawa a kowace daƙiƙa, rami a kan rami, har hanya ta buɗe. Ɗan hutun da ake bayarwa tsakanin tartsatsi da tartsatsi yana da muhimmanci daidai da tartsatsin kansa, domin a lokacinsa ne ruwa yake kwashe datti kuma ya koma yana tare wuta. Idan aka rage hutun fiye da kima don a yi sauri, wutar takan riƙa komawa wuri ɗaya tana ci kamar wutar walda, sai waya ta tsinke ko fuskar aikin ta ƙone.

Wannan ne dalilin da ya sa taurin ƙarfe bai dami injin ba. Zarto da magagari da bakin diril duk suna aiki ne da ƙarfin tsiya, dole su fi abin da suke yanka tauri. Tartsatsi kuwa da zafi yake aiki, saboda haka abin da ya dame shi shi ne ƙarfen ya kasance yana ɗaukar wutar lantarki, sai kuma digirin da yake narkewa da saurin da yake watsa zafi. Ƙarfen D2 kafin a ba shi ruwa da bayan an ba shi, kusan gudu ɗaya injin yake yanka su. Ita ma wayar tana ciwuwa, shi ya sa take tafiya kullum daga kan nadinta tana wucewa, ana samun sabon jiki a wurin yankan. A manyan injina ana amfani da wayar tagulla, wato gaurayen jan ƙarfe da tutiya, mai kaurin milimita 0.25 a yawancin aiki, kuma hanyar da take bari a bayanta takan kai wajen milimita 0.33, domin tartsatsi yana ci ta kowane gefe.

Duk makanikin da ya taɓa cire tsohon fulogi ya ga bakinsa ya cinye, ya riga ya ga tushen wannan fasaha. Tun a 1770 Joseph Priestley na Ingila ya lura cewa tartsatsin lantarki yana cin ƙarfe, amma an daɗe ana ɗaukar abin a matsayin ɓarna kawai. A 1943, a Tarayyar Sobiyat, aka ɗora wa wasu ma'aurata masana kimiyya, Boris Lazarenko da Natalya Lazarenko, aikin nemo hanyar hana tartsatsi cinye mahaɗan lantarki na tangistin. Ba su hana shi ba, amma sun gano cewa idan aka nutsar da mahaɗan cikin ruwan da ba ya ɗaukar wuta, ana iya sarrafa cin, a sa shi ya tafi inda ake so. Injin waya mai bin lissafi kuwa kamfanin Agie na Suwizalan ne ya fitar da shi kasuwa a 1969. Ƙananan hudojin sanyaya da ke jikin fukafukan injin jirgin sama, waɗanda ake yi da gaurayen nikel mai wuyar sassaƙa, da hudojin nozul na injin dizal, suna cikin ayyukan da aka daɗe ana yi da wannan hanya.

Yanzu mu zo kan abin da ya shafi ƙarfenka kai tsaye. Ba duk ƙarfen da tartsatsi ya narkar ba ne ruwa yake tafiya da shi. Wani kaso yakan zauna a inda yake, ya sake daskarewa nan take, domin ruwa yana sanyaya shi daga sama, ƙarfe mai sanyi kuma yana zuƙe zafinsa daga ƙasa. Wannan shi ne abin da masu sana'ar suke kira farin ɓawo. Kaurinsa yakan kama daga 'yan maikiron kaɗan zuwa 20 ko 30 idan an yi aiki da wuta mai ƙarfi, kuma maikiron ɗaya shi ne kashi 1 cikin 1,000 na milimita, gashin kan mutum kuwa wajen maikiron 70 ne. Abu ne siriri ƙwarai, amma a daidai wurin da ya fi ko'ina shan wahala yake zaune, wato a bakin da yake yanka falle.

Maƙerin gargajiya ya san wannan matsala tun kafin a ƙera injin. Ya san cewa wuƙar da aka tsoma a ruwa tana ja zur, idan ba a sake ɗumama ta a hankali ba, za ta yi tauri amma za ta yi gautsi, da ta haɗu da ƙashi sai bakinta ya ɓantare. Farin ɓawo ƙarfe ne da aka narkar aka tsoma a ruwa ba a sake ɗumama shi ba, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani siririn sashe da bai narke ba amma ya yi zafin da ya sa ya sake taurara da irin wannan gautsi. A ƙarƙashin wannan kuma akwai sashe na uku da zafin ya sassauta shi har ya fi asalin ƙarfen laushi. Ka ga ke nan an sami ɓawo mai gautsi yana zaune a kan shimfiɗa mai laushi, kuma kowane bugu na injin matsi yana danna shi.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Lokacin da ɓawon yake sanyi yana so ya tsuke, amma ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya riƙe shi gam, sai ya zauna a ɗaure cikin ja. Idan jan ya fi ƙarfinsa sai ya tsattsage, kamar yadda laka take tsattsagewa a bakin tafki idan rani ya yi nisa. Waɗannan tsagogi ido ba ya ganinsu, kuma a ranar farko ba sa hana aiki, shi ya sa namijin ya shiga macen daidai wa daida ka yi murna. Amma kowace tsaga mafari ce. Bugu dubu ɗaya, bugu dubu goma, tana ƙara nutsawa cikin lafiyayyen ƙarfe, har ranar da ɓantare zai fita. D2 yana cikin ƙarafan da wannan abu ya fi kamawa, domin yana ɗauke da kabon kusan kashi 1.5 cikin 100 da kuromiyam kusan kashi 12 cikin 100, kuma waɗannan biyu suna haɗuwa su samar da manyan ƙwayoyi masu tauri waɗanda suke ba shi juriyar gogayya, amma suke rage masa juriyar bugu.

Maganin farin ɓawo sananne ne, kuma a nan ne nake zargin an gajarta maka aiki. Yankan farko ana yinsa da wuta mai ƙarfi domin a raba ƙarfen, kuma shi ne yake barin ɓawo mai kauri. Bayansa ya kamata wayar ta sake bin wannan gefen sau biyu, ko uku, ko huɗu, kowane zagaye da wutar da ta fi ta baya rauni, tana kankare ɗan kaɗan, tana cire ɓawon da na baya ya bari tana barin wanda ya fi shi siranta. Da haka kaushin fuskar yakan sauka daga wajen maikiron 3 zuwa ƙasa da rabin maikiron, ɓawon kuma ya koma abin da dutsen goga zai iya cirewa da hannu. Kowane zagaye lokaci ne da waya da wuta, saboda haka mai injin da aka taya aikinsa da arha, ko aka matsa masa lamba cewa gobe ake so, yakan yi zagaye ɗaya ya sauke. Ka koma ka tambaye shi cikin girmamawa sau nawa wayar ta bi gefen. Kai ma za ka iya dubawa: ka sa farcenka a jikin bangon macen, idan ka ji shi da kaushi kamar yashi kuma launinsa toka-toka ne marar sheƙi, to, yankan farko ne kawai aka yi.

Amma tsagewar macen daga kusurwa tana sa ni in waiwayi wanda ya ba ƙarfen ruwa. Bayan an taurara D2 daga zafin da ya ɗan haura digiri 1,000, akwai hanya biyu ta sake gasa shi. Wasu sukan gasa shi a wajen digiri 200, su sami taurin da suke nema cikin sauƙi da arha, amma ƙarfen yakan fito cike da ɗaurin ciki, wani sashe yana jan wani. Hanya ta biyu ita ce a gasa shi a digiri 500 da ɗoriya, aƙalla sau biyu, kowane karo kamar awa biyu, a bar shi ya huce sarai a tsakani. Taurin da ake samu ya yi kusa da na farko, tsakanin 58 da 60 a ma'aunin Rockwell, amma ɗaurin ciki ya ragu sosai. Duk ƙarfen da za a kai wa injin waya, ta hanya ta biyu ya kamata a bi da shi, domin wayar tana cire babban yanki daga tsakiyar dunƙulen, kuma ɗaurin da yake zaune lafiya lokacin da dunƙulen yake cikakke yakan rikice ya taru a kusurwoyi.

Na taɓa ganin wannan da idona a wani shagon ƙera mazubai da na yi aiki. An kawo mana dunƙule mai kaurin milimita 60 wanda aka taurara a wani wuri, ba mu tambayi yadda aka gasa shi ba, muka ɗora muka fara yanka. Wayar ta ci kusan kashi biyu cikin uku na zagayen, sai muka ji ƙara guda ɗaya, ƙas, daga cikin tankin, kamar an taka busasshen kara, injin kuma ya tsaya saboda waya ta tsinke. Da muka sauke ruwan, sai ga tsaga ta tashi daga kusurwar da waya ta wuce ta miƙe har gefen dunƙulen, ba tare da wani abu ya bugi ƙarfen ba. Daga baya muka tabbatar cewa sau ɗaya aka gasa shi, kuma da ƙaramin zafi. Tun daga ranar ba na ɗora taurarren ƙarfe a injin sai na ji digirin da aka gasa shi da kuma sau nawa. Taka macen ta tsira a kan injin waya, amma mai yiwuwa ne ta sauka da irin wannan ɗauri, injin matsi ya ƙarasa abin da aka fara.

Siffar kusurwar ita ma tana da nata hannu. Waya ba za ta iya yin kusurwar ciki mai kaifi sarai ba, mafi ƙanƙantar lanƙwasar da za ta bari ita ce rabin hanyar da take buɗewa, amma ko wannan ta yi kaifi da yawa ga ƙarfe mai gautsi. Idan kayan da kake bugawa za su yarda, ka sa a zana kusurwoyin da lanƙwasar rabin milimita ko milimita ɗaya, za ka ga bambanci a tsawon ran macen. Haka kuma maganarka ta cewa namijin ya shiga daidai wa daida ta ɗan tayar mini da hankali, domin ba a so su haɗu ƙam. Ana barin rata tsakaninsu, wadda ga fallen ƙarfe mai laushi takan kama daga kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kaurin fallen a kowane gefe. Idan fallenka milimita 2 ne, ratar za ta kasance tsakanin milimita 0.1 da 0.2. Idan ta gaza haka, fallen yakan riƙe namijin lokacin da yake fitowa, kuma wannan fizgar ita ce ta fi saurin ɓantare baki mai farin ɓawo.

Zargin cewa ƙarfen jabu ne ba abin yarwa ba ne, kuma ya fi sauran sauƙin warwarewa. Ka ɗauki ɓantaren ka kai ɗakin gwajin ƙarafa, irin na sashen nazarin ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa da ke Jos, ka nemi abu uku: a auna taurinsa, a duba sinadaran da ke cikinsa, sannan a yanka shi a goge a duba gefen da madubin ƙara girma. A gwaji na uku ana shafa wa gogaggen ƙarfen ruwan asid mai rauni, sai jikinsa ya yi duhu, amma ɓawon ba ya ciwuwa, yakan fito fari fat kamar zare a bakin ƙarfen, kuma daga nan ya samo sunansa. Za a ga kaurinsa, za a ga tsagogin idan akwai. Idan sinadaran sun fito irin na D2, kuromiyam kusa da kashi 12, kabon kuma kusa da kashi 1.5, mai sayar da ƙarfe ya fita daga zargi. Wannan gwaji ya fi a yi ta jayayya a bakin shago.

Ya kamata kuma ka san irin injin da aka yi maka aiki da shi, domin injinan waya iri biyu ne. Akwai na kamfanoni irin su Sodick, Makino, Fanuc da Mitsubishi Electric na Japan, da na Suwizalan, waɗanda suke amfani da wayar tagulla sau ɗaya su zubar, suna aiki cikin tataccen ruwa, kuma suna iya riƙe awo cikin 'yan maikiron kaɗan. Akwai kuma na ƙasar Sin da ake kira masu saurin waya, irin jerin DK77, waɗanda suke amfani da wayar molibdinam mai kaurin milimita 0.18, tana kai da komo a kan ganga ana ta maimaita ta, da ruwa mai gauraye da wani mai kamar sabulu. Waɗannan sun fi arha nesa ba kusa ba, wajen saye da wajen riƙewa, kuma suna biyan buƙata a aikin da kuskuren kashi 1 ko 2 cikin 100 na milimita ba zai ɓata ba. Sai dai tsofaffin samfurinsu yanka ɗaya aka ƙera su su yi, saboda haka idan da irinsu aka yi naka, mai injin bai ɓoye maka komai ba, abin da injinsa yake iyawa ke nan. A wannan hali sai a bar ɗan ƙari a jikin aikin, a cire ɓawon da injin washi ko da dutsen goga.

Game da sayen naka injin, ina ba ka shawara ka dakata. Farashin injin shi ne ƙaramin ɓangaren lissafin. Bayansa akwai waya, da filta, da rezin da yake tsotse gishirin ruwa, da 'yan jagororin da waya take bi ta cikinsu, waɗanda duk suke ƙarewa kuma daga waje ake kawo su. Idan rezin ya gaji ruwan yakan fara ɗaukar wuta, yankan ya lalace, fuskar ƙarfen ta yi tsatsa, idan kuwa kabayid ake yanka, wato gaurayen tangistin mai tsananin tauri, ruwan yakan cinye kobal, ƙarfen da yake riƙe ƙwayoyinsa. Akwai kuma lokaci. A ce injin yana cin murabba'in milimita 100 a minti ɗaya, ƙarfenka kuma kaurinsa milimita 50 ne, to, milimita 2 kacal wayar za ta ci gaba a kowane minti, zagayen milimita 300 zai ɗauki awa biyu da rabi, ban da zagayen gyara. Duk tsawon wannan lokaci ana buƙatar wuta tsayayya wadda ba ta hawa da sauka, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar zagayen ƙarshe takan bar layi a fuskar aikin. Wanda zai dogara da janareta dole ya haɗa da na'urar daidaita wuta da batiran riƙo.

Zafin gari ma yana shiga cikin awo. Ƙarfe yana miƙewa da kusan maikiron 11 zuwa 12 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, kuma ma'aunan masana'antu a digiri 20 aka daidaita su. Dunƙule mai tsawon milimita 300, idan zafinsa ya canza da digiri 5 tsakanin safiya da azahar, tsawonsa zai canza da wajen maikiron 17, wanda ya ninka kuskuren injin mai kyau sau da yawa. A shagon da yake ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, canjin ya wuce digiri 5. Saboda haka injin mai tsada yana buƙatar ɗaki mai sanyi da na'urar sanyaya ruwa, in ba haka ba ka biya kuɗin daidaito amma ba za ka same shi ba. Sama da duka akwai ma'aikaci, domin wanda ya iya zana aiki a kwamfuta daban, wanda ya san yadda zai daidaita feshin ruwa sama da ƙasa har datti ya riƙa fita daga hanyar waya daban. Idan aikin da kake da shi ba zai cika injin yawancin ranakun mako ba, kai aikin waje ya fi maka riba, muddin ka san abin da za ka nema.

Idan nan gaba ka shiga gyaran mazuban roba, kamar na masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, injin da za ka buƙata shi ne ɗan'uwan wannan, wato mai nutsawa. Shi ba waya yake amfani da ita ba, ana sassaƙa siffar da ake so a jikin jan ƙarfe ko girafayit, irin sinadarin bakin fensir, sai a riƙa saukar da ita a hankali cikin ƙarfen da ke nutse a mai, tartsatsi ya ci rami mai siffarta. Da shi ne ake yin ramukan da ba su fita ta ɗaya gefen ba, da shi kuma ake ƙone taf, wato abin yanka zaren noti a cikin rami, ko diril da ya karye a cikin aiki mai tsada. Gogaggen ma'aikaci yana gane lafiyar aikin da kunne, domin idan komai yana tafiya daidai ƙarar takan fito ɗaya ba yankewa, kamar ƙosai a cikin mai, idan kuwa ta fara tsinkewa tana tatsawa, datti ya taru kuma wuta tana shirin cin wuri ɗaya. Farin ɓawon wannan injin ya fi na waya kauri, kuma yana zuƙar kabon daga man, wanda yake ƙara masa gautsi. Ina roƙon duk mai irin wannan injin kada ya zuba kananzir a maimakon man da aka yi dominsa, domin kananzir yana iya kama wuta tun daga wajen digiri 38, kuma kada ya bar saman man ya sauka ƙasa da santimita 4 zuwa 5 a kan wurin tartsatsin. Gobarar wannan injin takan tashi ne lokacin da aka bar shi yana aiki babu kowa a kusa.

Ita macen da ta tsage, kada ka kai ta walda, domin D2 ba ya karɓar walda da sauƙi, kuma tsagar za ta dawo a gefen ɗinkin. Namijin kuwa, idan ɓantarewar ba ta yi nisa ba, ana iya wasa fuskarsa a sauke ta ƙasa da inda ya ɓantare, amma ka tuna cewa ɓawon a jikin bangonsa yake, saboda haka dole a bi bangon da dutsen goga mai laushi, ana gogawa ta tsawonsa, har launin tokar nan ya gushe ƙarfe mai sheƙi ya bayyana. Wajen ƙera sabuwar macen, ka sa a huda ramin da waya za ta shiga tun ƙarfen yana da laushi, idan ramin tsakiya babba ne a rage cikinsa da injin sassaƙa kafin a ba shi ruwa, a gasa shi sau biyu a digiri 500 da ɗoriya, kuma ka karɓi digirin a rubuce. Ka yi ciniki da mai injin a kan yanka ɗaya da zagayen gyara aƙalla biyu, ka biya shi kuɗin lokacinsa, ka gaya masa ratar da kake so tsakanin namiji da mace da lamba. Bayan an sauke aikin an goge shi, ka mayar da shi tanderu na awa biyu a zafin da ya gaza na gasawar ƙarshe da wajen digiri 25, domin wannan yana sassauta gautsin sashen da ke ƙarƙashin ɓawon ba tare da ya rage taurin sauran ƙarfen ba.